Maraɗi ba ƙugiya: haruffan da muke sa ma bangon waƙoƙinmu

Wani dare bayan sallar isha'i muna zamne a fadarmu ta Ali Ɗan Sofo, shayi na kan gawayi, sai abokinmu mai waƙa ya zo yana murmushi ya miƙo salula. Wata biyar ya yi yana tara kuɗin situdiyo daga aikin kabu-kabu, ga shi albam ɗinsa na fari ya fito, waƙa shida. Abin da yake so mu gani shi ne bangon. Hotonsa ne an rina shi ruwan ƙasa kamar tsohon hoton da ya daɗe cikin akwati, sama kuma ga wasu haruffa ƙatta masu ƙiba, launin lemo, gefensu a zagaye, da inuwa a bayansu. Sun yi kyau, ba ƙarya. Salular ta bi hannu hannu har ta kai ga wani daga cikinmu, ya karanta da ƙarfi: "KASATA. Kai abokina, maciji ka yi ma waƙa?" Munka fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ƙasata yake nufi, Nijar. Ya ce, "Wallahi na faɗa ma mai haɗa hoton. Ya ce polis ɗin ba ya da ƙ, in an sa ta sai wani ɗan akwati ya fito."

Polis ɗin da yake faɗi ba ɗan sanda ba ne, kun sani, zubin haruffa ne, yadda muke kiransa da Faransanci. Tun daren nan nake duba bangunan waƙoƙin da ke shigo mana ta WhatsApp da Audiomack da katin memwar, na ƴan Maraɗi da na Kano da na Yamai, kuma abu guda nake ta gani: yayin haruffan da, wanda ake ce ma retiro, ya ci gari, kuma duk inda ya sauka sai ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ta faɗi. Magana ta a wannan takarda ita ce, mun ari tsohon yayin wasu mun yafa, mun manta muna da namu, kuma kuɗin aron da muke biya shi ne haruffan harshenmu.

Daga ina waɗanga haruffa suke?

Wanda abokina ya sa, ko ƙanensa, sunansa Cooper Black. Wani mutum mai suna Oswald Cooper ya zana shi a birnin Shikago na Amurka, ya fito a 1922, don tallan jarida da allunan shaguna. An yi shi da ƙiba ne don a hango shi daga nesa. A 1966 ƙungiyar Beach Boys ta sa shi a bangon faifanta Pet Sounds. In kun nemi bangon za ku ga mawaƙan suna ba awaki abinci a gidan namun daji. Mu da muke da jar akuyar Maraɗi sai mu yi dariya, amma wannan bango ya zama abin koyi, kuma harafin ya bi faifan garmaho na shekarun 1960 da 1970 har ya zama alamar wancan zamani. A lokacin kuma akwai Letraset, wani kamfani na Ingila da ke sayar da haruffa a kan leda mai haske: ka ɗora a takarda, ka goga da bakin alƙalami, harafin ya manne. Da wannan dabara ƙananan maɗaba'u a ko'ina sunka samu haruffan ado ba tare da injin mai tsada ba.

Bayan shekaru yayin ya mutu, sannan ya dawo. A 2010 ƙungiyar Black Keys ta fitar da albam mai suna Brothers, bangonsa baƙi ne ƙirin, babu hoton kowa, sai rubutu da Cooper Black, kuma bangon ya ci kyautar Grammy a 2011. Dawowar tana da dalili biyu da nake iya gani. Na farko, bango ya ƙanƙance. Faifan garmaho babba faɗinsa kamar santimita 30 ne, kaset ya fi tafin hannu kaɗan, yanzu kuwa bangon waƙa a fuskar salula bai wuce kan babban yatsa ba. Siririn harafi ɓacewa yake a wurin, mai ƙiba ne ke tsira. Na biyu, kewa. Saurayi a Amurka in ya ga wannan harafi yana tuna faifan da ubansa ke sawa a falo. Masu yin manhajojin zane irin su Canva da PixelLab sun san haka, sunka cika su da irin waɗanga haruffa, daga nan sunka iso hannun mai haɗa hoto a Sabon Gari.

To ina tambaya: mu me muke tunawa in mun gan su? A 1966 Maraɗi garin gujiya ne da alhazai ƴan kasuwa, shekara 21 kacal da tasowarsa daga fadama zuwa tudu bayan ambaliyar Gulbi ta 1945. Shekarun 1970 namu su ne na babban fari, da juyin mulkin Seyni Kountché a Afrilu 1974, da samariya. Iyayenmu sun sha waƙa ƙwarai a wancan lokaci, amma ba da waɗanga haruffa sunka san ta ba. Idan munka rina hotonmu ruwan ƙasa munka ɗora masa haruffan Kaliforniya, kewar wani muke yi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma a nan katarar da ta fito fili ita ce ƙugiya.

Akwatin Kawu a Tibiri

Da hutu na tafi Tibirin Gobir wurin kawuna, wanda ya daɗe yana sayar da kaset kafin katin memwar ya kashe sana'ar. Har yanzu yana da akwatin ƙarfe guda cike. Na ce, "Kawu, ku ba ni in duba bangunan." Ya ce, "Bangon kake so ko waƙar?" Na ce bangon. Ya girgiza kai ya miƙo makulli.

Sunayen da ke ciki kun san su: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Ɗan Maraya Jos, da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda Gobirawan Tibiri ke ji kamar nasu. Ku ƙirga ƙugiyoyin da ke cikin sunayen nan kawai. Ɗanƙwairo shi kaɗai biyu gare shi.

Iri uku na gani. Akwai waɗanda anka buga a maɗaba'a a Nijeriya, sunka shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, da hoton mawaƙi da haruffan inji. Akwai waɗanda anka yi ma fotokopi daga fotokopi, har fuskar mawaƙin ta zama baƙin tabo, suna kaɗai ake ganewa. Sai na uku, waɗanda sunka fi yawa: kaset ɗin da anka naɗa daga rediyo ko daga wani kaset, Kawu ya rubuta sunan da bik, wani da boko, wani da ajami, wani duka biyu, don mai saye daga ƙauye da ya yi makarantar allo ya karanta da kansa. Abin da ya tsayar da ni shi ne wasu daga cikin na maɗaba'a, inda injin ya buga D da K tsirara, sai ga wata ƴar lanƙwasa ta shuɗin bik an ƙara a kai. Na nuna masa. Ya ce, "Ni na sa. Mutum ba zai yi maka waƙa shekara da shekaru ba ka kasa rubuta sunansa daidai."

Ga retiro ɗinmu nan, in muna so. Rubutun bik mai kwance a kan ƴar takardar kaset. Ajami mai kaurin alƙalamin kara, irin na allo, da zayyanar da ake yi ma allon sauka. Haruffan fenti na bayan kamiyo da goshin motar haya, masu launi biyu ko uku da inuwa. Allunan tela da mai aski da mai gyaran rediyo. Ko takardar naira dubu da ke yawo a kasuwar Maraɗi tana ɗauke da ajami. Duka waɗanga haruffan ado ne, an yi su don a hango daga nesa, kamar dai yadda Cooper ya yi nasa. Ba su cikin manhaja, shi ya sa ba mu ganin su.

Ƙugiyar ba ado ba ce

Wani zai ce, to mene ne ciki, ai kowa ya gane abin da ake nufi. Wani lokaci haka ne. Amma ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka ƙafa da kafa, baƙi da baki, ƙarya da karya. A cikin jimla mai tsawo mai karatu na iya kintata. A bangon waƙa kalma guda ce ko biyu, tsaye ita kaɗai, ba mai taimakonta. Wurin da ƙugiya ta fi amfani, nan ne muke fara zubar da ita.

Kuma ba daga sama ta faɗo ba. Malaman ajami tun da can sun ga Larabci ba ya da wasu sautukanmu, sai sunka ɗauki ق sunka ba ƙ, sunka ɗauki ط sunka ba ɗ, sunka ƙara ɗigo inda ake bukata. Da boko ya zo, an daɗe ana lalube, wasu na sa ɗigo ƙarƙashin harafi, wasu ɗan waƙafi a gefensa. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya sunka zamna a littattafan da ake bugawa a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a 1939 Abubakar Imam na editanta, ta kai su gidaje. A 1966, shekarar da Pet Sounds ya fito, UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1999 Nijar ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa ta hukuma, wadda a ciki muke rubuta ƴ inda ƴan uwanmu na Nijeriya ke sa waƙafi kafin y. Wato boko aro ne, ajami ma aro ne, amma waɗanda sunka aro su ba su bar su yadda sunka same su ba. Sun lanƙwasa su har sunka yi daidai da bakinmu.

Mu a Nijar ciwon namu biyu ne, domin ban da rashin ƙugiya ga rubutun Faransanci. Ku ɗauki hanyar Jiratawa, garin zogale da noman rani, ku karanta alluna da takardu: Djirataoua, Djiratawa, Jiratawa, gari guda suna uku. Ɗan Gurmu ya zama Dan Gourmou. Jami'armu sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo gare ta, lisenmu na Ɗan Baskore, amma ku duba yadda ake rubuta su. Shi kansa garin, da bakinmu Maraɗi muke cewa, sunan sarauta ne na Katsinawa, amma a taswira da takardar shaida ƙugiyar ta tafi. Wannan ba laifin mawaƙi ba ne, mun tarar da shi haka. Sai dai a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron da ke aji uku bai karanta kundin ba, kuma ba zai karanta ba. Hausar da yake gani a rubuce kullum ita ce ta fuskar salular yayansa: sunan waƙa, sunan mawaƙi, sunan fim. In can babu ƙugiya, duk abin da mushe ya rubuta a tablo zai ɗauka tsirfar lakol ce kawai.

Waɗanda sunka yi nasu

Ba sai mun je nesa ba. A Legas, Lemi Ghariokwu, saurayi da ya koyi zane da kansa, ya fara yi ma Fela Kuti bango a 1974 da faifan Alagbon Close, ya ci gaba har bango 26, ciki har da Yellow Fever da Beasts of No Nation. Letraset na nan a lokacin, haruffan Turai na nan. Shi kuwa yawancin haruffansa da hannu yake zana su, su shiga cikin hoton su yi magana tare da shi. Yau in ana son a ce "Afirka ta shekarun 1970" a bangon faifai a Landan ko Paris, salonsa ake kwaikwayo. Bai kwaikwayi tsohon yayin kowa ba, ya zana zamaninsa, zamanin ya tsufa ya zama abin nema.

Namu ma ana nema. Mamman Sani ya naɗi waƙoƙinsa na organ a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, iyayenmu sun sha jin su a tsakanin shirye-shirye. Kaset kaɗan ne sunka fita. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, daga birnin Portland na Amurka, ya sake fitar da su a faifai, duniya ta ji. Kamfanin nan dai ya tattara waƙoƙin finafinan Kano a wani faifai mai suna Harafin So. A Jamus akwai Analog Africa, da ke tono tsoffin faifan irin su Orchestre Poly-Rythmo na Kwatano. Ba zargin su nake ba, sun ceci abin da muka bari ƙura ta ci. Abin da nake so mu lura shi ne, masu saye a can tsohon kamannin namu suke biya, mu kuma muna nan muna sauke tsohon kamannin nasu kyauta. Maƙwabtanmu Abzinawa sun fi mu wayo a nan: wasu ƙungiyoyinsu na sa haruffan Tifinar a bangon faifansu, kuma ba wanda ya fasa saye don bai iya karantawa ba.

Abin da za a ce mini

Abokina ya kawo hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ya ce in ya rubuta Ƙasata da ƙugiya a YouTube, mai nema da ya buga k tsirara ba lalle ya same shi ba. Na yarda. Sunan fayil da abin da ake bugawa a wurin nema, a rubuta shi yadda za a samu, ko a sa duka biyu. Amma bango hoto ne, ba a neman kalmar da ke cikinsa. Ba ka rasa mai sauraro ko ɗaya don ka sa ƙugiya a hoto.

Ta biyu, ya ce haruffan da ke da ƙugiya, irin su Noto na Google ko Charis da Andika na SIL, kamar na littafin lakol suke, ba su da ado. Wannan ma gaskiya ce, don karatu anka yi su. Amma mai haɗa hoto da ya iya sa ma harafi inuwa da walƙiya da launi uku, ya iya ƙara ƴar lanƙwasa. Ga yadda ake yi: ka rubuta f da polis ɗin da kake so, ka yanke kanta mai lanƙwasa, ka ɗora a kan sandar k ko b, ko d. Kaurin zai zo daidai domin gida ɗaya sunka fito. A manyan baƙaƙe, ƙugiyar Ɓ da Ɗ a hagu take daga sama, ta Ƙ da Ƴ a hannun dama na sama. Aikin minti goma ne. In mai haɗa hoton ya ce ba ya iyawa, kada ka biya shi cikon kuɗin.

Kada kuma a ji ni kamar ina cewa a ƙone Cooper Black. Harafi ne mai kyau, ya shekara ɗari yana aiki. Wanda waƙarsa ke da ɗanɗanon fank da sol na Amurka, ya sa shi, ya dace. Abin da ba na so shi ne waƙar kalangu da gurmi, ko rap da ke maganar rashin aiki a Bagalam da Mokoyo, a sa mata rigar da ba a tambayi dalilinta ba, don kawai ita ce ta farko a jerin manhaja. Bango alkawari ne ga mai sauraro a kan abin da zai ji. Haruffan abokina na cewa rawa da annashuwa, alhali waƙarsa ta farko a kan ƙanensa ce da ya tafi Libiya bai dawo ba.

Akwai wani tsoho mai rubutun fenti a hanyar fita Jiratawa, irin waɗanda muke ce ma kaligiraf. Da shi ke rubuta allunan butik da bayan motoci, yanzu injin buga leda ya ƙwace masa aiki, sai jefi-jefi. Na kai masa kalmar a takarda na ce, "Baba, za ku iya rubuta mini wannan a katako, yadda kuke yi da?" Ya duba ya ce, "Da ƙugiya ko babu?" Na ce da ita. Ya ja layi biyu da alli, ya ɗauki buroshi, bai yi awa guda ba ya gama: ja a ciki, fari a baki, inuwa kore, ƙugiyar Ƙ ta miƙe kamar ƙahon rago. Jika guda ya karɓa. Na ɗauki hoton katakon da salula, na rage shi ya koma kamar kan yatsa, ana karanta shi sarai. Na yi masa fotokopi baƙi da fari, har yanzu ana karantawa. Wannan gwaji biyu nake ba duk mai shirin fitar da waƙa shawara ya yi kafin ya saki bango.

Abokina ya ga katakon ya yi shiru, sannan ya ce tsohon bangon ya riga ya bazu a katunan masu tura waƙa na bakin kasuwa, ba a iya kiran sa ya dawo. Haka ne. Amma yana da waƙoƙi na gaba, ku ma da yawa cikinku kuna da su, wasu kuma ku ne masu haɗa hoton. Tsofaffin masu fenti na nan a gari, akwatunan kaset na nan ƙarƙashin gadajen iyayenmu. Ku je ku ɗauki hotonsu tun ana iya karanta su. Katakon yana rataye a fadarmu, wanda ke son gani ya zo bayan isha'i. In kuma injin fotokopi ya cinye wata ƙugiya a wannan ɗan littafi da ke hannunku, ku ɗauki bik ku mayar da ita, kamar yadda Kawu ke yi.